Katifa da Iyafis: Ina Kuɗin da Ka Biya Ke Tafiya?

Wani zai ce me ya kawo maganar katifa shafin da aka saba karanta labarin waya da caja. Dalilin shi ne, in kana son gane yadda ake yanka wa kayan sauti farashi, babu makarantar da ta kai shagon katifa. Sana'o'in biyu kamar wa da ƙani suke. Kowacce tana sayar maka da abin da aka rufe cikinsa, ɗaya da yadi, ɗaya da roba. Kowacce minti biyar take ba ka ka gwada, mai shago na tsaye a kanka. Kuma a kowacce babu alƙali sai jikinka, ko bayanka ko kunnenka. Duk inda waɗannan suka haɗu, farashi na iya yin nisa da kuɗin da aka kashe wajen haɗa kayan, mai saye bai ma lura ba.

Kafin mu shiga, a raba lissafi biyu da ake yawan cakuɗawa. A ce ɗan kasuwa ya saro iyafis naira dubu 10, ya sayar dubu 20. Abin da ya ɗora a kan kuɗin sari kashi 100 ne, wato ya ninka. Amma in aka duba dubu 20 ɗin da ta shiga hannunsa, rabi ne kawai ya rage bayan an cire uwar kuɗi. Kuma rabin nan bai zama nasa ba tukuna. Hayar shago na ciki, da man janareta, da kuɗin yaron shago, da kayan da aka dawo da su ba sa aiki, da waɗanda suka kwana a kanta har yayinsu ya wuce. Saboda haka in ka ji an ce ana ninka farashin kaya, ba lallai ne mai shagon yana kwasar garaɓasa ba. Abin tambaya shi ne, cikin abin da ka biya, nawa ne ya tafi ga kayan, nawa ne ya tafi ga ɗawainiyar shawo kanka ka saya.

Yadda ake sayar da katifa a Amurka

Amurka ce wurin da ya fi dacewa a duba, domin wasu daga cikin manyan kamfanonin katifa na can suna kasuwar hannun jari, dole su buɗe littafinsu kowa ya gani.

Matsalar mai shagon katifa ita ce mutum ba ya sayen katifa sai bayan shekara takwas ko goma. Shago na iya yini bai ga masu saye sun wuce 'yan ƙalilan ba, ga shi yana buƙatar fili mai faɗi da za a shimfiɗa gadaje. Ke nan dole katifa ɗaya ta ɗauki nauyin da a shagon katin waya ciniki ɗari ne ke ɗauka. Kamfanin Sleep Number, wanda ke ƙera gadajensa yana kuma sayarwa a shagunansa, ya yi cinikin kusan dala biliyan 1.7 a 2019. Cikin kowace dala 100 da aka biya shi, wajen dala 60 ce ke ragewa bayan an cire kuɗin haɗa kayan. Sai dai da aka gama biyan talla da haya da albashi da haraji, ribar da ta tsaya a ƙarshen shekara ba ta kai dala 5 cikin 100 ba. Mai saye ya biya da tsada, kamfani bai tsira da wani abin kirki ba, kuɗin a tsakiya ya narke.

Mattress Firm kuwa, wanda shi ne dillalin katifa mafi girma a ƙasar, ya buɗe shaguna sama da 3,000, har a wasu garuruwa za ka ga shagonsa na kallon wani shagonsa a tsallaken titi. A watan Oktoban 2018 ya garzaya kotu neman kariya daga masu binsa bashi, ya ce zai rufe shaguna har 700.

To ta yaya ake hana mai saye gudu zuwa inda ya fi araha? Dabarar da aka daɗe ana yi ita ce sauya suna. Masana'anta za ta yi katifa iri ɗaya, ko kusan iri ɗaya, ta canza launin yadi da ɗinki, ta ba kowane babban shago da sunan da babu shi a wani wuri. Sai shagon ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa in ka samu wannan katifa da araha a wani waje zai biya ka bambancin. Ba za ka samu ba, domin sunan nasa ne shi kaɗai. Dabara ta biyu ita ce rangwamen da ba ya ƙarewa. Kusan duk ranar hutu a Amurka sai an ce an karya farashin katifa, har ya zama farashin da aka soke da jan layi ba kowa ke biyansa ba, aikinsa kawai ya sa na ƙasansa ya yi kama da sa'a. Wanda ya saba sayayya a shagunan intanet ya san wannan jan layi, da agogon da ke ƙirga saura awa biyu rangwame ya ƙare, gobe kuma ka dawo ka tarar da shi ya sake farawa.

A 2014 aka kafa kamfanin Casper a New York da alƙawarin kawar da duk wannan. Babu shago, babu dillali. Inji zai matse katifar soso, a nannaɗe ta, a saka a kwali, a kawo maka har gida, ka kwana a kanta dare 100, in ba ta yi maka ba a dawo maka da kuɗinka. Tunanin ya yi kyau, kuma kamfanoni da yawa sun kwaikwaya. Amma kuɗin da a da ake ba mai gidan haya sai ya koma aljihun masu talla a intanet. Takardun da Casper ya fitar lokacin shiga kasuwar hannun jari sun nuna ya yi cinikin dala miliyan 358 a 2018, ya kuma yi asarar dala miliyan 92. Katifar da aka dawo da ita ma ba ta sake sayuwa a matsayin sabuwa, kuma kuɗinta na cikin farashin wanda bai dawo da tasa ba. An fara sayar da hannun jarinsa dala 12 a Fabrairun 2020, kafin shekara biyu ta cika an amince a sayar da kamfanin a kan dala 6.90 kowane hannun jari.

Abin da ke cikin hedifon

Yanzu mu dawo gida, wato kayan sauti. A 2015 wani kamfani mai suna Bolt, mai zuba jari a masu ƙera na'urori, ya warware hedifon ɗin Beats Solo HD da ake sayarwa dala 199, ya ƙiyasta kuɗin kayan cikinsa bai kai dala 17 ba. Ya kuma ce wasu 'yan ƙarafa da ke jiki sun kai kusan kashi 30 na nauyinsa, kuma a ganinsa an saka su ne don abin ya yi nauyi a hannu, ya yi kama da mai tsada. Labarin ya zagaya duniya. Daga baya sai aka gano wanda suka warware jabu ne, su kansu injiniyoyin ba su gane ba. Da suka samo na asali suka sake lissafi, kuɗin ya hau zuwa wajen dala 20. Wannan lissafi bai haɗa da bincike da zane da dako da rabon mai shago ba, amma duk da haka tazarar da ke tsakanin 20 da 199 tana da faɗi. Suna ne ya cike ta, da mawaƙa da 'yan ƙwallon da ake gani da shi a wuya. Sunan nan ne Apple ya biya dala biliyan 3 ya saya a 2014.

Kebul ya fi haka ban mamaki. Tun da daɗewa shagunan kayan lantarki ba sa samun wani abin a zo a gani a kan talabijin, domin kowa na iya kwatanta farashinta. A kan kebul da 'yan tarkacen da ake haɗa maka a wajen biya suke fanshewa. Haka abin yake a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja: wayar da kowa ya san kuɗinta ribarta kaɗan ce, gilashin fuska da kwando da iyafis ne ke riƙe shago. A 2007 James Randi, wani tsohon mai wasan rufa-ido da ya koma tona asirin 'yan damfara, ya saka dala miliyan ɗaya ga duk wanda zai iya bambance sautin wani kebul ɗin sifika na kamfanin Pear, mai dala 7,250, da na kebul na gama-gari, ba tare da ya ga wanda aka jona ba. An yi ta cacar baki, ba a yi gwajin ba.

Me ya sa sai an rufe ido? Saboda ido na shiga aikin kunne. A 1994 Floyd Toole da Sean Olive na kamfanin Harman, mai JBL da AKG, sun sa ma'aikata 40 sun saurari sifikoki huɗu, sau ɗaya suna gani, sau ɗaya an sa labule. Da suna gani, manyan masu ƙyalli da tsada sun samu maki sosai. Da aka sa labule, tazarar ta ragu ƙwarai. Mutanen ba ƙarya suka yi ba, abin da suka ji ke nan, sai dai ido ne ya riga ya faɗa wa kunne abin da zai ji. A 2017 kuma wani masani mai suna Jeroen Breebaart ya duba awon hedifon da iyafis 283, ya kwatanta yadda kowanne ke raba ƙarfi tsakanin bes da muryar tsakiya da siririn sauti, bai ga wata dangantaka tsakanin wannan da farashi ba.

Akwai wani abu da ya kamata duk mai gwada sifika a kasuwa ya sani. In aka kunna maka biyu, wadda ta ɗan fi ƙara za ta fi yi maka daɗi, ko da bambancin ƙaran bai kai ka lura da shi ba. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunnen mutum ba ya jin bes sosai in sauti na ƙasa-ƙasa, sai an ƙara murya yake fitowa. Mai shagon da ke son ka ɗauki mai tsada ba sai ya yi maka ƙarya ba, ya ɗan murɗa kaɗan ya isa. Shi ya sa ya fi kyau ka jona wayarka, ka sa waƙa ko karatun da kunnenka ya saba da shi, ka daidaita ƙaran biyun da hannunka. Ka kuma saurari muryar mutum, ba kiɗa kaɗai ba. Bes mai dukan ƙirji na saurin burgewa a minti biyu, amma shi ne ke binne magana in kana kallon fim ko sauraron darasi.

Katifa ma tana da irin wannan ruɗin. A shago, danna ta da hannu ake yi, in ta yi tauri a ce mai ƙarko ce, kuma mai maganin ciwon baya. Wani bincike da aka yi a Sifaniya, aka buga a mujallar likitoci ta The Lancet a 2003, ya bi mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya na kwana 90, ya gano waɗanda aka ba katifa mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka ba mai tauri sosai. Da yawa daga cikin waɗanda ake kira otofedik gutsattsarin soso ne aka haɗa da gam aka matse. Wannan ba aibi ba ne, irin sa na jure nauyi, amma sunan kaɗai ba takardar likita ba ce.

Lambar gaskiya da lambar ado

Kowace cikin sana'o'in nan tana da lamba da ke da ma'ana, da kuma wadda aka buga don ta cika ido.

A katifar soso, lambar ado ita ce inci. Iyaye in za su yi wa amarya kayan ɗaki, abin da ake fara tambaya ke nan, inci nawa ce, domin shi 'yan ganin ɗaki za su gani. Lambar gaskiya ita ce wadda masu sana'ar ke kira densiti, wato kilo nawa dunƙulen soso mai mita ɗaya ta kowane ɓangare zai yi. Soso sinadari ne da aka kumbura da iska, kuma sinadaran daga waje ake shigo da su, shi ya sa farashin katifa ke bin dala. Hanya mafi sauƙi ta rage kuɗi ita ce a rage sinadari a ƙara iska. Katifar za ta fito da kaurinta, har ma da taurinta, domin tauri daban densiti daban, amma bayan wata shida sai ta yi rami a tsakiya.

Ana iya lissafa wannan a wayarka. Katifa ƙafa shida da shida mai inci 10 girmanta kusan 0.85 ne na wancan dunƙulen. In densitinta 18 ne, soson zai yi kilo 15 da ɗoriya. In 30 ne, zai haura kilo 25. Ke nan katifu biyu masu kama ɗaya a ido na iya bambanta da kilo goma na kaya, kuma ɗagawa kawai za ka yi ka ji. Sai dai a nan ma akwai zamba irin wadda aka zargi wancan hedifon da ita: ana iya zuba garin dutse irin na alli a cikin haɗin soso don ya yi nauyi, kuma irin wannan na saurin marmashewa. Nauyi na kama mai rage sinadari, ba ya kama mai zuba gari. A nan ne sunan masana'anta da takardar garanti ke da amfani, ko Vitafoam ce ko Mouka ko wata, matuƙar daga wakilinsu na gaskiya ka saya, tunda yadi mai tambari ba wuyar samu gare shi ba.

A kayan sauti, lambar ado ita ce PMPO. Ita ce ke sa ka ga an rubuta wat 1,000 ko 5,000 a kwalin sifikar da za ka iya rataya a kafaɗa. Babu wata ƙa'ida da aka yarda da ita wajen auna PMPO, kowa abin da ya ga dama yake bugawa. Gwada da lissafi: batiri mai 3.7V da 2,000mAh yana riƙe da wutar da za ta ba da wat 7.4 na awa ɗaya. Da sifikar na fitar da wat 1,000 da gaske, batirin ba zai kai daƙiƙa 30 ba. In ta yi maka awa huɗu tana kiɗa, to abin da take ci bai kai wat biyu ba. Lambar da za ka nema ita ce RMS, wadda ke nuna ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa ba tsayawa. Wannan rikici tsoho ne, domin tun 1974 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kafa doka cewa masu tallar amfilifaya su riƙa faɗin ƙarfin da take riƙewa a jere. In sifikar ta jonawa a soket ce, juya bayanta ka karanta wutar da take ja. Ba za ta fitar da fiye da abin da ta ci ba.

Wa ke biyan mai ba ka shawara?

Da mutane suka koma sayen katifa a intanet, sai suka dogara da shafukan da ke gwada kaya suna ba da maki. Shafukan na samun la'ada ne duk lokacin da ka latsa adireshin da suka saka ka saya. A 2016 Casper ya kai uku daga cikinsu kotu, yana zargin suna karkatar da masu karatu zuwa kamfanonin da ke biyansu. Biyu suka sasanta. Na ukun, Sleepopolis, ya ja daga, amma a 2017 aka sayar da shi ga wani kamfani da ya biya da bashin da Casper ɗin ya ba shi. Wato wanda ake yi wa alƙalanci shi ya ba da kuɗin sayen kotun.

Tsarin la'adar nan shi ne ke ƙarƙashin yawancin bidiyon buɗe kwali da kake gani a YouTube da TikTok. Ba duka ne maƙaryata ba, amma ka lura: mai bidiyon da bai taɓa cewa wani kaya bai yi ba, kuma kowane mako yana da sabon iyafis da ya fi na makon jiya, talla yake yi.

Inda suka rabu

Duk da kamannin nan, mai sayen kayan sauti ya fi mai sayen katifa gata a yau. Sauti na aunuwa da na'ura, kuma akwai shafuka irin su Rtings da ke saye da kuɗinsu, su auna, su wallafa sakamakon. Binciken da Sean Olive ya ci gaba da yi a Harman ya fitar da tsarin sautin da yawancin mutane suka fi so in ba su ga tambari ba, kuma ƙananan masana'antun Sin sun ɗauki irin wannan awo suna aiki da shi. A 2022 Moondrop Chu da 7Hz Zero suka fito a kan wajen dala 20, masu awo suka riƙa jera su da waɗanda suka ninka su kuɗi sau da yawa. Iyafis ɗin kuma sunansa ɗaya ne a Kano da Legas da Guangzhou, don haka kana tsaye a gaban kanta za ka iya duba farashinsa a wuri uku kafin ka taya. Babbar barazanarka jabu ce, shi ya sa in kwalin na da lambar kankarewa, kamar yadda Oraimo ke sakawa, ka kankare ka duba tun kana shagon.

Wannan ba ya nufin mai tsada ba ya ba da komai. Ƙarin kuɗi a iyafis mara kebul na iya sayo maka makirufo mai kyau, da rage hayaniyar waje, da Bluetooth da ba ya yankewa, da garantin da za a karɓa in ka koma. Daɗin sauti ne kawai ba ya bin farashi sau da ƙafa.

Bambanci na ƙarshe shi ne tsawon rai. Ɗauki misali, ba farashin kasuwa ba: katifar naira dubu 200 da ta yi shekara takwas ta ba ka dare 2,920, kowane dare bai kai naira 70 ba. Iyafis mara kebul na naira dubu 40 da ya yi shekara biyu ya ci maka wajen naira 55 kullum, kusan kuɗi ɗaya da abin da kake kwana a kai. Kuma shekara biyu zuwa uku ita ce abin da ya kamata ka sa rai, domin ɗan batirin da ke cikin kowane kunne na raguwa da kowane caji, ga shi a yawancinsu manne shi aka yi da gam, mai gyara ba zai iya canzawa ba sai ya fasa. Mai kebul ba shi da batirin da zai mutu, kuma irin su Zero kebul ɗinsu na cirewa, in ya tsinke shi kaɗai za ka saya.